Solinoid ɗin Giyar Otomatik: Wanne Za Ka Saya Kafin Ka Kwance Mota a Gida?

Solinoid ƙaramin bawul ne mai aiki da lantarki, wanda ke sarrafa tafiyar mai a cikin giyabos. Kafin ka sayi komai, a jona wa motar na'urar karanta lambobin matsala. P0750 da P0755 na nuni ga solinoid A da B masu canza giya, P0740 kuwa layin solinoid ne mai kulle kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giyabos. Sai dai lamba ba ta tabbatar da cewa solinoid ya mutu. Waya da ta tsinke ko soket da mai ya shiga kan jawo lamba iri ɗaya. Cire soket ɗin, ka auna solinoid ɗin da mitar lantarki. Solinoid masu buɗe-da-rufe yawanci suna ba da ohm 10 zuwa 30, masu daidaita matsin mai kuma ƙasa da 10. A giyabos 4L60E na GM, misali, na canza giya kan faɗa tsakanin 20 da 30. Littafin motarka ne zai raba gardama.

Idan guda ɗaya ne ya lalace a mota mai ƙarancin tafiya, saya shi kaɗai. Amma in mota ta ci hanya sosai, gara saitin gaba ɗaya, domin wahalar aikin tana wajen zubar da mai da sauke kwanon ƙasa, kuma ragowar ma shekarunsu ɗaya da wanda ya mutu. Wa ke son ya sake kwanciya ƙarƙashin mota bayan wata uku?

Batun inganci shi ne wurin da mutane suka fi yin asara. A solinoid mai buɗe-da-rufe, na kamfanin gefe mai suna yana aiki lafiya. Mai daidaita matsi kuwa, orijina kawai nake ba da shawara: in ya ɗan kauce wa awo, giya za ta riƙa shiga da bugu, ko ta riƙa zamewa har faifan kuloci su ƙone. Na hannu da aka ciro daga wata mota ba ka san tarihinsa ba, kuma mita ba ta nuna wanda datti ya toshe.

Akwai motocin da wannan zaɓin bai shafe su ba. A GM 6L80 solinoid ɗin haɗe suke da kwamfutar giya, a wasu Ford kuma akwai lambar da sai an shigar wa kwamfutar mota bayan canji. Irin waɗannan sai an nemi mai na'urar.

Haɗa da sabuwar filta, gaskit, da lita 4 zuwa 5 na ainihin man da kamfani ya rubuta, ko Dexron VI ne, ko ATF WS, ko DW-1. Kada ka gauraya. Tokare motar da ƙafafun ƙarfe na tokare mota (jack stand), ba jak kaɗai ba. Notinan kwano ƙarfinsu kaɗan ne, wajen Nm 10 zuwa 12 a ma'aunin ƙarfin ɗauri. Ka zarce, bakin kwano ya lanƙwashe ya fara yoyo. In sai ka sauke gidan bawul, wato ɓangaren da ke rarraba mai a cikin giyabos, ɗauki hoto, don notinansa tsawonsu ya bambanta, kuma akwai 'yan ƙwallaye a ciki masu saurin ɓata.

Da ka sauke kwanon, duba maganaɗisun da ke cikinsa. Laushin toka-toka kamar kwalli ba komai ba ne. In ka ga ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli, ko mai ya yi baƙi yana warin ƙuna, kada ka buɗe kwalin sabon solinoid: lalacewar tana can ciki, kuma giyabos ɗin ne ke bukatar a buɗe shi.