Sharhi kan wasan Ultimate General: Gettysburg, da abin da yake koyarwa game da riƙe tudu

Ultimate General: Gettysburg wasan kwamfuta ne na dabarun yaƙi wanda kamfanin Game-Labs ya fitar a shekarar 2014, ƙarƙashin jagorancin Nick Thomadis, mutumin da masu irin waɗannan wasanni suka fara sani da gyare-gyaren da ya yi wa jerin wasannin Total War. An gina wasan gaba ɗaya a kan gumurzu guda ɗaya, wato wanda aka gwabza daga 1 zuwa 3 ga Yuli, 1863, a kewayen garin Gettysburg na jihar Pennsylvania, lokacin yaƙin basasar Amurka, tsakanin rundunar Arewa da Janar George Meade ke jagoranta da rundunar Kudu ta Janar Robert E. Lee. Mai wasa yana zaɓar ɓangaren da yake so, sannan ya riƙa ba birged-birged, wato manyan rukunonin sojoji, umarni yayin da lokaci ke tafiya. A ganina, babbar nasarar wannan wasa ita ce yadda ya sa mutum ya fahimci dalilin da ya sa janar-janar ke zubar da jinin dubban sojoji a kan ɗan tudun da ba ya da ko gida ɗaya a kansa.

Yadda ake sarrafa shi ba ya da wuya. Ana danna birged, a ja kibiya a kan taswira ta hanyar da ake so sojojin su bi, su kuwa su kama tafiya a sahu. Kowace birged tana da ƙarfin gwiwa da gajiya da kariyar da wurin da take tsaye ke ba ta, kuma waɗannan abubuwa uku ne ke yanke hukuncin yawancin karawa. Sojojin da aka sa su gudu su hau gangare suna isa sama a galabaice, harbinsu ya yi rauni, sannan idan wuta ta zo musu ta gefe ko ta baya sai su watse tun kafin a kashe da yawa daga cikinsu.

Inda wasan ya fi burge ni shi ne batun gani. Idan aka zaɓi rukunin igwa, taswirar tana duhunta duk wuraren da masu harbin ba sa iya hangowa daga inda suke. Igwar da ke cikin kwari kusan makauniya ce, amma da zarar an ja ta zuwa kan Cemetery Hill, wani tudu da ke kudancin garin, sai fili ya buɗe mata, ta riƙa kai wa abokan gaba tun suna nesa. A nan ne mai wasa ke gane cewa tsayin tudu shi kaɗai ba shi ne amfaninsa ba. Wanda ke sama yana ganin motsin abokin gaba, yana harbinsa tsawon lokacin da yake tahowa a fili, kuma bayan tudun yana ɓoye masa nasa sojojin da ke jiran ko-ta-kwana da keken harsasai. Wanda ke ƙasa kuwa yana kai farmaki ne a kan abin da bai san yawansa ba.

Tarihin gumurzun kansa ya dace da wannan darasi ƙwarai. A ranar farko, mahaya dawakan Janar John Buford sun sauka daga kan dawakansu suka ja daga a kan tuddan da ke yammacin garin, domin su jinkirta sojojin Kudu har sojojin ƙasa na Arewa su iso. An kashe Janar John Reynolds a safiyar ranar, kuma kafin yamma an kori sojojin Arewa ta cikin garin, sai dai sun koma kan Cemetery Hill inda Janar Oliver Howard ya riga ya ajiye wani sashe na dakarunsa. Janar Richard Ewell na Kudu bai kai wa tudun hari a yammacin nan ba, kuma har yau masana tarihi suna muhawara a kan wannan shawara tasa. Wasan yana ba mutum damar ya gwada abin da Ewell bai yi ba, kuma wanda ya gwada zai ga cewa sojojin da suka wuni suna faɗa ba sa hawa tudu da sauƙin da mai karanta tarihi yake zato.

Daga daren nan sahun Arewa ya ɗauki siffar ƙugiyar kamun kifi, ya taso daga tudun Culp's Hill, ya lanƙwasa ta Cemetery Hill, ya miƙe kudu ta dogon tudun Cemetery Ridge har zuwa tudun Little Round Top. Tsawonsa bai wuce kimanin mil 3 ba, alhali na Kudu da ya kewaye shi daga waje ya kai mil 5 ko fiye, ga shi kuma Lee ne ke da ƙarancin sojoji. Wannan bambanci yana fitowa sarai a cikin wasan. Mai riƙe da Arewa yana iya ɗauko birged daga wannan gefe ya kai ta wancan ta gajeriyar hanya a bayan tudu, shi kuwa mai riƙe da Kudu sai ya yi dogon zagaye, kuma sau da yawa taimakon yana isa bayan an gama karawar.

Duk da haka, wasan bai mayar da kowane tudu abin so ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin masu shi sun fahimci al'amarin. A rana ta biyu Janar Daniel Sickles na Arewa ya bar wurin da aka ba shi, ya tura dakarunsa gaba zuwa gonar da ake kira Peach Orchard saboda ta ɗan fi wurinsa tsayi. Sakamakon haka sahunsa ya yi tsini, ana harbinsa ta fuska biyu, rundunarsa ta ragargaje, shi kansa ya rasa ƙafa, sannan aka bar Little Round Top babu mai tsaro har sai da Janar Gouverneur Warren ya lura ya nemo birged ɗin Kanar Strong Vincent cikin gaggawa. Mai wasan da ya ga wurin da wasan ke ba da maki idan an kama shi ya ruga ya kama shi ba tare da ya duba gefunansa ba, abin da ya sami Sickles shi zai same shi. Haka kuma idan aka ajiye igwa a can ƙololuwa, akwai gangaren da ke ƙasanta wanda ba ta gani, kuma ta nan abokin gaba zai lallaɓo. Irin wannan kuskure na kafa sahu a ƙololuwa yana cikin abubuwan da suka jawo wa sojojin Kudu asarar tudun Missionary Ridge na jihar Tennessee a watan Nuwamba na shekarar, duk da cewa su ne a sama.

Rana ta uku ita ce ta harin da aka fi sani da sunan Janar George Pickett na Kudu, lokacin da sojoji kimanin 12,500 suka ratsa buɗaɗɗen fili na kusan mil ɗaya zuwa tsakiyar Cemetery Ridge, kusan rabinsu kuma suka mutu ko suka ji rauni ko aka kama su. A wasan ba dole ne a kai ga wannan hari ba, domin an raba gumurzun kashi-kashi, kuma asarar da aka yi da wuraren da aka kama a wani kashi su ne ke tsara yadda na gaba zai fara. Abokin karawa na kwamfuta yana da halaye 9 da za a zaɓa daga ciki, daga mai taka-tsantsan zuwa mai kasada, kuma masu wayon cikinsu suna laluben gefen da ya yi rauni maimakon su afka wa igwa gaba-da-gaba.

Akwai inda wasan ya gaza. Taswirar kyakkyawa ce, amma da yake daga sama ake kallonta, ido ba ya saurin rarrabe tudu da kwari sai an kunna layukan da ke nuna tsayin ƙasa, kuma wannan naƙasu ne babba ga wasan da tsayin ƙasa shi ne ginshiƙinsa. Ikon mai wasa a kan yadda birged za ta jera kanta kaɗan ne, batun abinci da jigilar kayan yaƙi kuma kusan babu shi. Fagen ma guda ɗaya ne, saboda haka wanda ya haddace tuddan zai fara jin maimaici. Mai son fagage da yawa da tafiyar da runduna tsawon yaƙin sai ya nemi Ultimate General: Civil War, wanda kamfanin ya fitar a 2017.

Ina ba da shawarar wannan wasa ga ɗalibin tarihi da duk mai son fahimtar dabarun yaƙi, ko da bai saba da wasannin kwamfuta ba. Zai fi kyau sabon shiga ya fara da ɓangaren Arewa, ya kunna layukan tsayin ƙasa tun daga farko, sannan bayan ya iya tsaron Cemetery Hill ya koma ɓangaren Kudu ya gwada ƙwace shi.