Maƙerin da ya gano mini asalin hujin dalar kakata

Jama'a duk mai tsohon kuɗi a gida ya karanta wannan. Akwai wata dalar azurfa da muka gada wajen kakarmu a unguwar Birni ta Damagaram, irin mai hoton mace da mikiya mai kai biyu a baya, an rubuta 1780, kuma tana da huji kusa da baki. Tun muna yara ake ce mana wai harsashi ne ya huda ta lokacin shigowar Nasara Damagaram, har kawuna rantsuwa yake yi a kai. Ran alhamis da ta wuce na ce bari dai in kai ta wajen wani maƙerin azurfa, Buzu, nan kusa da kasuwar Dole.

Abin da bai mini daɗi ba shi ne jira, na fi awa guda zaune a benci yana ta fama da zoben wata hajiya, ga shayi sai an kai na uku kafin ya kalle ni. Amma da ya karɓa wallahi na san na zo wajen gwani.

Ya fara sa mata maganaɗisu bai kama ba, ya buga ta a uwar maƙera ya saurari ƙarar, ya ɗora a sikeli ta yi giram 27 da 'yan kai, ya ce cikakkiya 28 take yi, sauran huji da gogayya suka cinye. Sannan ya sa ɗan gilashin nan na masu gyaran agogo a ido ya ce “ɗana zo ka gani”. Ta gaba bakin hujin ya lotsa ciki, ta baya kuma ƙarfen ya taso ya yi leɓe, ya ce wannan ƙusa ce aka buga da guduma, da injin huji ne da bakin ya fito tsaf ba lotsawa, harsashi kuwa da ya lanƙwasa ta gaba ɗaya ko ya yage ta. Abin da ya kashe ni shi ne da ya nuna mini hujin ba zagayayye ba ne, ya ja ta sama ya yi sumul, wato zare ne ya yi shekaru yana cin wurin, mata suka yi ta ratayawa a wuya. Na ce “Baba to ba daga masana'anta ta zo haka ba?” Ya yi dariya ya ce wanda aka haifa da huji irin kwabon Ingilishi na Najeriya, a tsakiya cif yake.

1780 ɗin ma ashe ba shekarar bugawa ba ce dole, shekarar da sarauniyar Ostiriya Mariya Tereza, mai hoton da ke jikin dalar, ta rasu ce, aka ci gaba da bugawa da wannan lamba har bayanta da nisa.

Ya gaya mini gaskiya masu tara tsoffin kuɗi suna karya farashi in da huji, kusan kuɗin azurfarta kawai za a ba ni, kuma kar in goge baƙin jikinta. Ya so ya saya ya narka, sau biyu yana tayawa, na ƙi. Jika ɗaya ta sefa na ba shi ladan aikinsa, da ƙyar ma ya karɓa. Kawu dai har yanzu yana nan kan harsashinsa.