Shagon littattafan coci na Agege: Littafi Mai Tsarki ya yi, amma katin wa'azin fyaucewa sai an tace

'Yan'uwa da ke ta tambayata ina ake samun Littafi Mai Tsarki na Hausa da kayan koyar da ƙarshen zamani a nan Legas ba sai an yi aike Jos ko Kaduna ba, toh akwai wani ɗan shago a Agege ta bayan layin dogo. In danfo ya aje ka a Pen Cinema ko ka sauka a tashar jirgin ƙasa tafiyar ba nisa, ka tambayi masu keke shagon dattijon nan mai littattafan coci, sun san shi. Ni ajin manya nake koyarwa a makarantar Lahadi ta sashen Hausa, shi ya sa nake yawan leƙawa.

Shagon matsattse ne gaskiya, mutum biyu in sun haɗu a ciki sai ɗaya ya karkace. Akwai tsohon juyi na 1932 wanda iyayenmu suka saba da shi da kuma wanda ya fito bayansa, akwai littafin waƙoƙi, harda zanen zumuntar mata wani lokaci. Farashi ba tsawwalawa, in ikilisiya ce za ta ɗauki da yawa Baba mai shagon yana ragi, yana karɓar tiransifa. Abu ɗaya, ka buɗe littafi ka duba kafin ka biya musamman na kantar ƙasa, danshin Legas ya taɓa wasu, shafukan sun manne.

Abin da ya fi tafiya a shagon shi ne doguwar taswirar ƙarshen zamani, mai leda a jiki, in ka warware ta za ta kai faɗin hannu biyu. Da Turanci take amma Baba ya bi ya liƙa ƙananan takardu da ya rubuta Hausa da biro a ƙarƙashin kowane zane. Tana farawa da gicciye, sai zamanin ikilisiya, sai wata kibiya ta miƙe sama wato fyaucewa, ɗauke masu bi zuwa sama su taryi Yesu, sai shekara 7 na babban tsanani an shafe wurin da ja, sai dawowar Yesu, mulkin shekara 1,000, daga ƙarshe farin kursiyin shari'ar ƙarshe. Tana da kyau sosai wajen koyarwa, tsofaffin da ba sa karatu ma suna bi da yatsa su gane. Amma ra'ayi ɗaya tak ta zana, cewa za a ɗauke masu bi kafin tsananin ya fara, kuma abin da ya ƙara mini ganin girman Baba shi ne bai ɓoye wannan ba don ya sayar. Da bakinsa ya ce mini, "Ɗana, wannan fahimtar wasu bayin Allah ce, akwai wasu bayin Allah da suka karanta ayoyin nan suka ga daban, in za ka rataya ta a aji ka faɗa musu haka."

Kuma gaskiyarsa. Wannan tsari na raba fyaucewa da dawowa ta biyu wani mai wa'azi John Nelson Darby ne ya yaɗa shi tun wajen 1830 a Ingila da Ailan, sai Littafi Mai Tsarki mai sharhi na Scofield da ya fito a 1909 ya kai shi gida-gida a Amurka. Masu wannan ra'ayi suna tsayawa kan 1 Tasalonikawa 4:16-17 inda za a fyauce mu cikin gajimare mu taryi Ubangiji, da Wahayi 3:10 inda ya yi alkawarin tsare masu bi daga lokacin gwaji, shekara 7 ɗin kuma daga Daniyel 9:27 suke lissafo ta. Wasu sun ce a tsakiya ne, bayan shekara uku da rabi, wata 42 ɗin nan na Wahayi 13. Wasu kuma suka ce a'a, buɗe Matiyu 24:29-31, Yesu da kansa ya ce bayan tsananin ne zai aiko mala'iku da ƙaho su tattara zaɓaɓɓu, Bulus ma a 1 Korantiyawa 15:52 ƙaho na ƙarshe ya ce, to ina aka samo zuwa biyu? Sannan ga 'yan Katolika da Lutheran da suka bi fahimtar Agustin, babban malamin ikilisiya na zamanin dā, su a wurinsu shekara 1,000 ta Wahayi 20 zamanin da ikilisiya ke ciki ne yanzu.

Wannan ba gardamar 'yan makarantar tauhidi ba ce kawai, a ajinmu take zaune. Sujadar Hausa a Legas kowa da kowa ne, ɗan ECWA, ɗan COCIN, ɗan EYN, ɗan LCCN, coci daban-daban amma duk benci ɗaya. Ranar da na rataya taswirar wata mama daga Gwoza, wadda ta baro gida ta kan dutse da goyo lokacin da Boko Haram suka shiga garin a 2014, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in ikilisiya ba za ta ga tsanani ba, to mu wanda muka gani mene ne sunansa?" Ajin ya yi tsit. Ni da koyarwar kafin tsanani na tashi kuma har yanzu zuciyata can ta fi karkata, amma tun daga ranar ba na koyar da ita kamar alkawari ne cewa wahala ba za ta taɓa mai bi ba, don Yohanna 16:33 ma ya ce a duniya za mu sha wahala. Da ma taswirar ta bar ɗan fili ta nuna sauran ra'ayoyin, da ta fi haka amfani.

Yanzu inda raina ya ɓaci, katin memori. Akwai yaron da ke zama a bakin shagon da laftof yana loda wa mutane wa'azi, kuma shi ne ya fi Baba ciniki, don yawancin 'yan'uwanmu masu gadi da masu okada da kunne suke karatu, mutum zai kwana a bakin get da 'yar rediyonsa yana ji har asuba. Na sayi wanda ya ce na fyaucewa ne. Fayilolin ba suna, ba ka san wa ke magana ba ko daga wace ikilisiya, wasu ƙarar janareta ta fi muryar mai wa'azin. Akwai masu kyau a ciki, wani dattijo ya bi Daniyel sura-sura cikin natsuwa har na maimaita shi. Amma an cakuɗa su da masu cewa BVN da NIN su ne 666, lambar dabbar nan ta Wahayi 13, da wani da ya rantse an nuna masa wata da shekara a mafarki, kamar a zuba tsakuwa cikin shinkafa a miƙa wa mai jin yunwa cikin duhu.

Sa ranar dawowar Yesu ba yau aka fara ba kuma ba a taɓa dacewa ba. Mabiyan William Miller, wani mai wa'azi a Amurka, sun jira 22 ga Oktoba 1844 gari ya waye musu ba abin da ya faru. A Koriya ta Kudu an sa 28 ga Oktoba 1992, mutane suka bar aiki suka sayar da kaya. Harold Camping a Amurka ya sa 21 ga Mayu 2011, ya mayar 21 ga Oktoba, daga baya ya fito ya ce ya yi kuskure. Nan gida a garin Ondo, a Yulin 2022, 'yan sanda sun fito da mutum 77 harda yara daga ɗakin ƙasa na wata coci inda aka tara su jiran fyaucewa. Ga na Satumban 2025 da ya cika TikTok. Alhali Matiyu 24:36 ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar, Ayyukan Manzanni 1:7 ya ƙara cewa sanin lokatai ba namu ba ne. Wani ɗan'uwa a ajinmu saura kaɗan ya ƙi biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa saboda irin wannan wa'azin, wai me amfanin boko tunda saura wata biyu, sai da dattawa suka zauna da shi.

Na kai wa Baba ƙara, ya kira yaron a gabana ya yi masa faɗa, ya ce zai nemi wani fasto su zauna su saurari fayilolin a goge na gogewa a sa wa sauran suna. Kafin a yi hakan, dan Allah in za ka sayi kati ka ce a kunna maka ka ji tukuna, ko ka zaɓi karatun Littafi Mai Tsarki zalla da waƙoƙi, waɗannan ba matsala. Baba ba ya buɗewa ran Lahadi, ran Asabar kuma ka je da safe kafin goslo ɗin Agege ya kama, in ana ruwa ka riƙe leda don kwatar gaban shagon tana cika.