Shagon darduma a Babbar Kasuwar Santambul: kaya na ƙwarai, ciniki mai cin lokaci

’Yan kasuwarmu na Kumasi da ke zuwa Santambul sarin abaya da takalma sukan ƙare harkarsu a unguwar Laleli, kuma kaɗan ne daga cikinsu suke ware yini domin shiga Babbar Kasuwa mai rufi, wadda aka fara ginawa a zamanin Sultan Muhammad Alfatih bayan ya ci birnin a 1453. Layukanta sun kai 60, shagunanta wajen 4,000, kuma ba ta ci ranar Lahadi. Shagon da nake son yin bayani a kansa yana wani lungu kusa da ƙofar da ke fuskantar masallacin Nuruosmaniye, kuma ba ya sayar da komai sai dardumar saƙar hannu da ’yan ƙananan kayan tsaraba.

Abin da ya fi burge ni shi ne mai shagon, wani dattijo mai ɗan jin Larabci, bai hana ni juya darduma in duba bayanta ba, alhali a nan ne gaskiyar kaya take. Saƙar hannu tana nuna ƙulle-ƙullenta ɗaya bayan ɗaya, ba su zama daidai wa daida, kuma zanen da ke gaba yana fitowa sarai a baya. Gezar bakin dardumar ma zaren jikinta ne da aka saƙa a kansa, ba ɗinka ta aka yi daga baya ba kamar yadda ake yi wa ta inji. Ya nuna mini ƙullin Turkawa, wanda zare yake naɗe zaren tsaye biyu gaba ɗaya, ya kuma bambanta shi da na Farisawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan masaƙan kente, saƙin gargajiyar Ghana, a garin Bonwire kusa da Kumasi, ya ga yadda ƙyalle mai faɗin tafin hannu yake cin yini, ba zai yi mamakin jin cewa darduma ɗaya tana cin watanni ba.

A kan rini ma bai yi mini rufa-rufa ba. Ya ware waɗanda aka rina da saiwar itace mai ba da ja, da shuni, da ɓawon gyaɗar Turawa mai ba da ruwan ƙasa, ya ajiye gefe guda, sannan ya faɗa da bakinsa cewa sauran rinin kanti ne. Da na tambayi wata mai sheƙi da na ɗauka siliki ce irin ta garin Hereke, sai ya zare zare ɗaya ya ƙona: ƙaurin takarda ya tashi, ba na gashi ba, wato auduga ce aka gyara ta yi ƙyalli. Wannan kaɗai ya sa na amince da shi, domin da ya yi shiru da ban gane ba.

Sai dai amana a kan kaya daban, sauƙin farashi daban. Sallayar ulu da na zaɓa wa mahaifiyata, mai zanen mihrabi, ya yi mata kuɗi dalar Amurka 900 ba tare da ya ƙifta ido ba, bayan an kawo shayi a ƙaramin kofin gilashi, an shimfiɗa darduma a kan darduma har ƙasa ta ɓace. Wannan karamci na gaske ne, amma dabara ce kuma, domin mutumin da ya sha shayi ya ga yara sun yi gumi suna warware kaya yakan ji nauyin fita hannu rabbana. Na taya ƙasa da rabi, ya dafa ƙirji ya yi albarka, ya ce: “Alhaji, wannan ko kuɗin ulun bai kai ba.” Na ce masa: “Baba, ni ma ɗan kasuwa ne, a kasuwar Kejetia ta Kumasi na tashi.” Daga nan aka shiga hawa da sauka a kan na’urar lissafi, kowa yana danna nasa, kuma bai sallama a dala 520 ba sai da na miƙe na sa takalmi. A ganina wannan tazara ta yi yawa ga shagon da yake alfahari da gaskiya, domin baƙon da bai saba tayi ba zai biya kusan ninki a kan kaya iri ɗaya.

Wani Alhaji daga unguwar Aboabo ta Kumasi da muka yi tafiya tare ya shigo daga baya da ɗan rakiya da ya tsinta a bakin ƙofa, kuma farashin da aka fara yi masa ya ɗara nawa a kan sallaya mai kama da tawa. La’adar dillali ce aka ɗora masa ba tare da an faɗa ba. Mai son zuwa ya je da ƙafarsa.

Kayan tsarabar ba su kai dardumar ba. Fitilun gilashi masu launi da ƙananan faranti duk ana samun irinsu a layukan da ke wajen kasuwar da rahusa, shuɗin dutsen nan mai siffar ido da suke ratayewa domin kambun baka kuwa ban ga dalilin kai shi gidan Musulmi ba.

Wajen ɗauri sun ƙware: sun naɗe sallayar ta shige jakar kilo 23 tare da sauran kayana, sun ba ni rasit da takarda mai nuna garin da aka saƙa ta da irin zarenta. Takardar tana da amfani, domin dokar Turkiyya ta hana fitar da kayan tarihi, kuma tsohuwar darduma tana iya jawo tambaya a filin jirgi. Sun yi tayin aiko da babbar darduma har Akra ta kamfanin jigila, amma wanda zai karɓi wannan tayi ya fara lissafa kuɗin kwastan a sidi, kuɗin Ghana, kuma ya ɗauki hoton dardumar gaba da baya tare da awonta kafin ya biya.