Na kalli Ferris Bueller's Day Off, Cameron ne ya tsaya mini a rai

Daren jiya na zauna na kalli Ferris Bueller's Day Off, fim ɗin da John Hughes ya rubuta kuma ya ba da umarni a 1986. Dariya na je nema, na kuwa yi ta har da riƙe ciki, amma ba ita na kwana da ita ba.

Ferris ɗalibin ajin ƙarshe ne a wata sakandare da ke gefen birnin Shikago. Ya yi ciwon ƙarya don kada ya je makaranta, karo na tara ke nan. Matthew Broderick, wanda ya taka rawar Ferris, ya fito da fuskar salihai, kuma yakan juyo ya yi wa mai kallo magana kai tsaye, sai ka ji kamar da kai aka ƙulla. Dabarunsa su ne gishirin fim ɗin. Ya kwantar da mutum-mutumi a gadonsa ya lulluɓe, ya ɗaura igiya a ƙofa yadda in an buɗe sai abin ya juya, ga munsharin da ya naɗa yana tashi daga lasifika. Mahaifiyarsa ta leƙo, tausayi ya kama ta, ta ja ƙofa a hankali. Daga ɗakinsa kuma ya kutsa kwamfutar makaranta, fashi tara ya koma biyu a gaban idon Rooney, malamin da ke kula da ladabin ɗalibai.

Farautar da Rooney ya yi masa ta ɗan yi tsawo. Laka ta cire masa takalmi, kare ya bi shi, Jeanie 'yar'uwar Ferris ta shure shi a fuska. Na farko da na biyu sun ishe ni. Ƙaryar da aka yi cewa kakar Sloane, budurwar Ferris, ta rasu, don a fito da ita daga aji, ita kam ba ta ba ni dariya ba ko kaɗan.

Cameron, abokin Ferris, shi ne mutumina. Alan Ruck yana da shekara 29 lokacin da ya taka rawar, amma tsoron da ke idonsa na yaro ne. Mahaifinsa yana da Ferrari 250 GT California ƙirar 1961, yana lallaɓa ta fiye da yadda yake kula da ɗansa, kuma ita Ferris ya matsa masa suka ɗauka. A gidan adana zane-zane na Shikago, Cameron ya tsaya gaban zanen Georges Seurat, wanda aka yi da ɗigo-ɗigon fenti, ya ƙura wa wata ƙaramar yarinya ido. Kyamara na matsawa, na matsawa, har fuskar ta watse ta zama ɗigo kawai. Ba a ce uffan ba. Sai da na mayar da wurin baya na sake kallo.

Da suka dawo, suka ɗaga motar a kan jak suka sa ta a ribas wai lambar da ke ƙirga nisan tafiyar ta koma baya don kada uban ya gane. Ba ta koma ba. Nan Cameron ya fashe, ya dinga shurin gaban motar yana amayar da abin da ya daɗe yana ci masa rai. Motar ta zame, ta fasa gilashin gareji ta faɗa kwari. Ferris ya ce a ɗora masa laifin, Cameron ya ƙi, ya ce shi zai tari mahaifinsa.

A nan fim ɗin ya ɓata mini rai. Ya bar Cameron ya bi Ferris yana tsallake shingen maƙwabta don ya riga iyayensa isa gida, kuma ya tsira ba ko ƙwarzane. Ni da an tambaye ni, da an bar kyamara a garejin nan har uban ya shigo.