Sharhi ko lockdep_assert_held: wanne ya fi tsare ƙa'idar makulli a kenel?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwanmu na Jidda. Ka tambaya: idan fankshin a kenel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, yana buƙatar mai kiransa ya riga ya riƙe wani makulli, abin da ke hana ayyuka biyu taɓa bayanai ɗaya a lokaci guda, a sharhi, wato bayanin da ake rubuta wa mai karanta kod, za ka rubuta hakan, ko lockdep_assert_held, layin da ke duba ko an riƙe makullin, za ka sa a cikinsa? Amsarmu ita ce duk abin da na'ura za ta iya dubawa a ba ta, sharhi kuma a bar masa abin da ya fi ƙarfinta.

Matsalar sharhi ita ce kompayila, manhajar da ke fassara kod zuwa abin da na'ura ke gudanarwa, ba ya karanta shi. Yau gaskiya ne, gobe wani ya taɓa kod ɗin da ke ƙasansa, shi yana nan yana faɗin labarin bara. Da aka sauya sunan makullin mmap_sem zuwa mmap_lock a Linux 5.8 a 2020, sai da aka yi faci, wato gyaran kod, na musamman don gyara sharhohin da ke ambaton tsohon sunan. Wannan ma da sauƙi. Mai haɗarin shi ne a mayar da spinlock, makullin da mai jiransa ba ya barci, ya zama mutex, wanda mai jiransa kan yi barci, wato ya dakata ya bar wa wani aiki wuri, sharhi kuwa yana nan yana cewa ana iya kiran fankshin ɗin daga inda aka hana barci. Wani ya yarda da shi ya kira, mutex ya nemi yin barci, na'ura ta sandare.

Shi kuwa lockdep_assert_held kod ne. Ya dogara da lockdep, tsarin da ke sa ido kan yadda ake ɗaukar makullai, wanda Ingo Molnar ya shigar a Linux 2.6.18 a 2006. Ka sauya sunan makullin ka manta da layin, kenel ba zai haɗu ba, ko da lockdep a kashe yake. Idan a kunne yake, aka shigo ba tare da makullin ba, gargaɗi zai fito a dmesg, inda ake ganin saƙonnin kenel, tare da jerin fankshin ɗin da aka bi aka iso wurin. Amma yana da iyaka, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Sai ka kunna lockdep da zaɓin CONFIG_PROVE_LOCKING a kenel ɗin gwaji, kuma sai gwajin ya taka wannan hanyar da gaske. Sannan da zarar lockdep ya kai rahoton saɓanin jerin makullai na farko, kashe kansa yake yi, sauran binciken duk su yi shiru har sai an sake tayar da na'urar. Saboda haka ka karanta dmesg tun daga sama kafin ka ce gwaji ya yi kyau.

Inda sharhi ya yi zarra shi ne bayyana dalili. lockdep ba zai gaya maka me ya sa ake ɗaukar wannan makulli kafin wancan ba, ko da wane smp_rmb wannan smp_wmb yake tafiya, wato shingayen ƙwaƙwalwa masu tsare jerin karantawa da rubutawa. Shi ya sa checkpatch.pl, manhajar da ke duba salon faci, ke ƙorafi idan ya ga shingen ƙwaƙwalwa ko spinlock_t babu sharhi.

Kada kuma ka saki jiki da kernel-doc, tsarin sharhin da ake rubutawa a saman fankshin don bayyana shi. Idan ka haɗa da make W=1 zai kama sunan paramita da ya ɓace ko ya yi rara, amma layin Context: rubutu ne kawai, ba abin da ke tantance shi. In ka rubuta a can cewa fankshin na iya barci, ka sa might_sleep a ciki, ka kunna CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP, don gargaɗi ya fito idan an kira shi daga inda aka hana barci. Kuma duk ranar da ka sauya makulli, ka nemi tsohon sunan da git grep, har cikin Documentation, kundin takardun bayanin kenel, ka gyara sharhin a cikin facin da ya kawo sauyin.