Faifan hotunanka yana shure-shure: Recuva, ddrescue ko a kai a buɗe?

Ƙanena, sannu da wannan jarrabawa. Ka ce faifan ajiyarka na waje ne mai 1TB, hotunan Sallar Gani ta Daura na shekara uku suna ciki, ga na bukukuwan mutane da ba ka miƙa ba tukuna. In ka jona shi kwamfuta sai ta sandare, wani lokaci ta ce a yi masa fomatin. Wani abokinka ya ce ka sa Recuva, manhajar dawo da fayilolin da suka ɓace, wani kuma ya ce ka kai kasuwa a buɗe. Kana son sanin wanne ya fi.

Da farko zare shi ka ajiye, kuma kada hannunka ya kai ga maɓallin fomatin ɗin nan. Faifan da ya fara lalacewa, kowace jonawa tana rage masa kwana.

Sai ka gwada abu mai arha sau ɗaya tak: canza waya, ka soka a ramin USB mai shuɗin ciki. Tsohon ramin USB 2.0 wutar da yake bayarwa 500mA ce, na 3.0 kuwa 900mA, kuma na sha ganin faifai lafiyarsa ƙalau, yunwar wuta kawai ke sa shi kuka. Da ka jona, kara kunnenka. In ka ji yana juyawa sumul, da sauran magana. In ka ji ƙas, ƙas, ƙas sannan ya yi shiru, ko wani ɗan tsit-tsit ba tare da ya juya ba, to galibi allurar da ke karatu ce ta samu matsala, babu manhajar da za ta yi maka magani. In yana juyawa lafiya, buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, kyauta ce. Shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuwa an kusa. Duba layin 05 da na C5, su ne ke ƙirga guraben da suka mutu da waɗanda ke hanyar mutuwa.

To ga bambancin Recuva da ddrescue, manhajar da ke kwafe faifai sukutum zuwa wani faifan. Ka ɗauka ɗakin ƙasa ne a tsakiyar Agusta, azara ta fara sakin jiki. Recuva shi ne mutumin da ya shiga yana buɗe kwalla ɗaya bayan ɗaya yana neman zoben amarya, ɗaki na zuba a kansa. Shi kuwa ddrescue ba ya tambayar mene ne a ciki. Duk abin da ke kusa da ƙofa yake fara fitarwa da gudu, ya tsallake inda ƙasa ta danne, sai ya gama da mai sauƙi sannan ya dawo tono.

Recuva ba muguwar manhaja ba ce, aikinta ne daban. An yi ta don fayil ɗin da aka goge bisa kuskure a faifai mai lafiya, kuma a wannan fage ina yaba mata: minti biyar ka iya ta, ba ka biyan ko kwabo. Amma ta cikin Windows take karatu, shi kuma Windows in ya ci karo da mataccen gurbi sai ya nace, ya koma, ya sake komawa. Sandarewar da kake gani ke nan. Allura na ta gurzar wuri ɗaya, faifai na zafi, hotunan da ke can gaba lafiya lau ba a kai gare su ba har ya cika.

Za a ce maka PhotoRec, wata manhajar dawo da fayil, ta fi ta ƙarfi. Gaskiya ne, don ita ba ruwanta da ko tsarin faifan ya wargaje, tana gane fayil ta kamanninsa, iri sama da 400. Sai dai sunaye da folda duk sun tafi. Za ka tarar da hotuna dubbai masu suna irin f0184320.jpg jibge a recup_dir.1, recup_dir.2, hawan Sarki ya cakuɗe da kamun amarya da walimar sauka. Abin da zai cece ka shi ne kwanan watan da kyamara ke rubutawa a jikin kowane hoto, da shi za ka jera su. Manyan bidiyo kuwa sau da yawa a gutsure suke fitowa. Ita ma in ka sake ta kai tsaye a kan faifai mara lafiya, wahalar da shi za ta yi.

Shi ddrescue a Linux yake aiki, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows. Ba sai ka taɓa Windows ɗinka ba, ka sa SystemRescue, wani Linux mai ɗauke da ddrescue, a filash ka tayar da kwamfuta da shi. Dole ka tanadi wani faifan da ya fi naka girma, 2TB misali, domin kwafin zai cinye 1TB cif ko da rabin faifan fanko ne. Wannan shi ne kuɗin da za ka kashe, manhajar kanta kyauta ce. Umarnin farko kamar haka yake:

ddrescue -d -n /dev/sdb kwafi.img taswira.map

Wannan -n ɗin yana cewa a kwashe mai sauƙi kawai, a bar kankare wuraren da suka lalace. In ya gama, ka maimaita da -r3 a madadinsa, ya gwada wuraren sau uku. Abin da ya sa nake ƙaunarsa a garin nan shi ne fayil ɗin taswira. Yana rubuta inda aka karanta, inda aka tsallake da inda ya gagara. A ɗauke wuta ƙarfe biyun dare, batir ya mutu, gobe ka kunna ya ɗora daga inda ya tsaya. Recuva kuwa daga bismillah za ta sake farawa. Faifai mai lafiya na 1TB kamar awa uku ya ishe shi ta USB 3.0, mara lafiya yana iya cin kwanaki, don haka ka nemi inda ke da sola ko inbata, ka sa masa ƴar fanka, zafin Katsina ba abokin wasansa ba ne.

Haɗarinsa ɗaya ne, amma babba: sdb ɗin nan, sunan da Linux ke ba faifai, ba lallai shi ne naka ba. Rubuta lsblk ka duba girma da sunan kowane faifai sau biyu. In wannan baƙin allo mai rubutu ya ba ka tsoro, nemi ɗalibin kwamfuta ya zauna kusa da kai, ba abin kunya ba ne. In kwafi ya samu, sau da yawa foldojinka za su buɗe da sunayensu. In sun ƙi, sai a saki TestDisk, mai gyara tsarin faifai, ko PhotoRec a kan kwafin, a gwada sau goma ma ba abin da zai lalace.

Wani zai ce ka yi chkdsk, umarnin Windows na gyara faifai. Ni na taɓa yi wa faifaina, ina ganin gwaninta. Ya kwana yana aiki, da safe na tarar da folda mai suna found.000 cike da gutsattsarin fayil masu ƙarewa da .chk, rubuce-rubucen shekara biyu sun zama tsaki. Gyaran tsari yake yi, kuma a kan faifan yake rubutu. Haka maganar sa shi a firiza: in ka fito da shi raɓa ce za ta kwanta a ciki.

Saura buɗewa. Ɓare kwanson roba na waje ba laifi ba ne. Yawancin na Seagate faifan SATA ne na laftop a ciki da ƴar mahaɗa, wani lokaci ita ce ta ƙone, sai a cire a jona kai tsaye. Da yawa daga WD My Passport kuwa ramin USB a jikin allon faifan yake, babu abin cirewa. Amma murfin ƙarfe mai ƙananan kusoshi, wannan kada ka yarda a ɗaga shi a kan tebur. Tazarar allura da faifai ta fi silin gashi siranta sau dubbai, faifan kuma yana juyi 5,400 a minti. Ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya a wurin dutse ce. Masu wannan aiki na gaske suna da akwatin aiki mai tace iska, suna samo allura daga wani faifan irinsa sak, da na'urar ceto bayanai irin PC-3000. Kuɗinsu yakan fi na sabon faifai nesa ba kusa ba, kuma galibi sai an tura Kano, Abuja ko Legas. Kafin ka miƙa, tambaye su a ina za su buɗe, za su fara yin kwafi, kuma nawa za ka biya in ba a samu komai ba.

Tunda naka yana bayyana a kwamfuta, sandarewa kawai yake sa ta, ni ddrescue zan bi, Recuva ta jira. Amma ko a tsakiyar kwafi ka ji ya fara ƙas-ƙas, kashe shi nan take. Ka ɗauko mana sautinsa da waya na daƙiƙa goma, da lambar samfurin da ke bayan kwanson, da abin da C5 ya nuna. Su kuma masu biki, ka duba katin kyamararka tukuna, in ba ka cika shi da sababbin hotuna ba, a nan ne Recuva za ta yi maka rana.